Zauren Tambaya da Amsa: Kiɗan Jaz, Liyafar Dare da Rabon Yaran Bauchi

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda. Wasu malaman makaranta da tsofaffin ɗalibai a nan cikin garin Bauchi suna shirya liyafar cin abincin dare tare da makaɗan jaz, don tara kuɗin koya wa yara kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a ranakun Asabar. Katin gayyata ya fara zagawa, tambayoyi kuma suka biyo bayansa. Na zaɓi huɗu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi a kasuwar Wunti. Ƙanen mai ɗakina ne ya kawo mini katin wannan liyafa, kujera ɗaya naira 25,000, na ji nauyin mayar masa. To wai mene ne jaz ɗin nan? Na taɓa jin sa a rediyo, sai na ji kamar kowa na busa abin da ya ga dama. Kuma me ya hana a kira mai kalangu ko mai kukuma, tunda muna da namu?
Daga wani Alhaji, Wunti.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kunnenka ya kama wani abu na gaskiya, domin akwai sakin linzami a kiɗan jaz, sai dai sakin yana da iyaka.

An haifi kiɗan ne a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, kusa da inda kogin Mississippi ke faɗawa teku, a farkon ƙarni na 20. Masu shi baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Sun gaji waƙoƙin aikin gona da na coci, irin waɗanda jagora ke bayarwa jama'a na amshi, sai kuma hannunsu ya kai ga kayan busa da gangunan 'yan badujala. Daga haɗuwar waɗannan ne abin ya tsiro. A 1917 aka fara fitar da shi a faifan garmaho, daga nan ya bazu zuwa Chicago da New York, ya tsallaka teku.

Ga yadda ake yin sa, don in ka je ka san abin da kake ji. Da farko makaɗan duka za su buga taken waƙar tare, sau ɗaya ko biyu, har ya zauna a kunnen kowa. Daga nan sai a bar wa mutum ɗaya fage, a ce mai saksofon, wani abin busa na ƙarfe. Zai ɗauki wannan take ya juya shi, ya lanƙwasa, ya hau da shi sama ya sauko, duk a nan take ba tare da ya rubuta ko ya haddace ba. Amma tilas ya tsaya cikin ma'aunin da mai ganga da mai babban gogen nan mai tsayin mutum suke riƙe masa. In ya gama ya ja da baya, mai fiyano ya karɓa, bayansa mai turampet, wani lokaci har mai ganga a ba shi nasa rabon. A ƙarshe kowa ya dawo kan taken farko a rufe. Ka ɗauke shi kamar majalisarku ta bayan la'asar a ƙofar shago: wani ya jefo zance, kowa ya tofa albarkacin bakinsa bi da bi, wani ya tsawaita, wani ya taƙaita, amma ba a bar zancen da aka faro ba. In ka ji ka ɓace, ka sa kunne ga mai babban gogen, ka bi shi da ƙafa. Kuma a al'adar wannan kiɗa, duk wanda ya gama nasa juyin ana yi masa tafi nan take, ko da waƙar ba ta ƙare ba.

Jaz ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. A 1960, shekarar da muka sami 'yancin kai, Louis Armstrong, wanda ya fi kowa suna a busa turampet a zamaninsa, ya zagaya ƙasashen Afirka har ya zo Najeriya, akwai ma hotonsa tare da Sardauna Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne Yusef Lateef, gwanin saksofon da sarewa daga Amurka. Wannan bawan Allah ya baro ƙasarsa da sunansa da komai, ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana binciken sarewar Fulani, wadda yaro mai kiwo ke busawa a bayan shanu mu wuce ko waiwaye ba mu yi ba. A kudu kuma, Fela Kuti da ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa a can, da jaz ya fara kafin ya gina nasa salon, shi da mai gangarsa Tony Allen. Mu ma a nan mun ga marigayi Bala Miller, wanda ya yi zamani a Kaduna da tawagarsa ta masu busa da jita, yana waƙa da Hausa tsantsa.

Tambayarka ta biyu kuwa, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan sallah ya ga mai algaita da idonsa. Kumatu a cike tam, jijiyar wuya a tashe, yana jan numfashi ta hanci yana tura iskar da ya tara a kumatu, sautin yana tafiya bai yanke ba, doki na rawa a gabansa. Wannan dabarar numfashi akwai manyan masu busa na jaz, irin su Rahsaan Roland Kirk, da aka yi ta jinjina musu a duniya saboda ita. Mai kalangu kuma da yake matse tsirkiya a hammata yana sa ganga magana, yana sauya kiɗa gwargwadon wanda ya shigo fage, shi ma a nan take yake ƙirƙira. Saboda haka ina kira ga masu shirya taron da su sa mai algaita da mai kalangu a dandamali ɗaya da baƙin makaɗan, a ba su lokacin gwaji tare tun da rana, kuma a biya su kamar yadda za a biya baƙin. Ba na so a kira su don tarbar manyan baƙi a bakin ƙofa kawai, a sallame su da ɗan abin goro. Yaran da ake tara kuɗin dominsu suna kallo, kuma daga abin da suka gani za su yanke wane kiɗa ne mai daraja.

Game da naira 25,000 ɗinka, kana da haƙƙin ka tambayi surukinka nawa ne daga ciki zai isa ga yaran. Amsar tana cikin wasiƙar da ke biye.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, kuma ni ce ma'ajin kwamitin wannan liyafa. Mun tsara kujeru 200 a kan naira 25,000. Kasafinmu shi ne: abinci naira miliyan 1.6, makaɗa da motarsu da masaukinsu 900,000, zauren taro 500,000, na'urorin sauti da janareta 450,000, ado da buga kati 350,000. Tun da na haɗa lissafin nan barci ya ƙaurace mini. Wasu 'yan kwamiti suna cewa kada in damu, manyan baƙi za su yi alƙawarin miliyoyi a wurin. Kuma mun rabu biyu a kan abin da za a fara saya in kuɗi sun samu. Ka ba mu shawara.
Daga wata Malama, Yalwa.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri, kuma rashin barcinki yana kan hanya. Mu bi lissafin tare. In an sayar da kujeru 200 duka, an sami naira miliyan 5. Kashe-kashenku sun kama miliyan 3.8. Saura miliyan 1.2. Wato sai kun sayar da kujera 152 kafin ku mayar da abin da kuka kashe, daga ta 153 ne yaran za su fara ganin sisi. In mutum 150 suka biya, kun ci bashin naira 50,000, alhali an ci an sha an yi tafi, kowa ya koma gida yana jin ya taimaki yara. Kuma kin fi ni sanin cewa a garin nan akwai kujerun da ba a biya: na manyan baƙi, na 'yan rakiyarsu, na dangin 'yan kwamiti.

Don haka aikin farko shi ne a sauke wannan miliyan 3.8 daga kan tikiti. Kafin a sayar da kati ko guda, ku bi masu hali ɗaya bayan ɗaya, kowa a roƙe shi abu takamaimai. Wanda ke da zauren taro ya ba da shi kyauta ko rabin kuɗi. Mai gidan mai ya ɗauki man janareta. Mai sayar da shinkafa ya ba da buhu, mahauci ya ba da nama, mai maɗaba'a ya buga kati. Mutanenmu sun fi sakin hannu in an ce musu ga abin da ake so, sun kuma san inda zai tafi. A rubuta sunayensu a bayan katin, a gode musu a bainar jama'a.

Abincin ma a dube shi da kyau. Bauchi ce fa, garin masa. Masa mai zafi da miyar taushe, tuwon shinkafa, dambun nama, gasasshen nama a gefe, zoɓo da kunun aya masu sanyi, babu baƙon da zai raina wannan. In kuka ba matan unguwa da suka iya aikin kwangilar, kuɗin ya ragu, abin da aka kashe kuma ya zauna a gidajen da yaran suka fito. Kuɗin ado kuwa a yanke shi sosai. Zanen da yaran suka yi da hannunsu a jera a bango ya ishi zauren ƙawa, kuma ana iya yin gwanjonsa a daren. Makaɗa kuma ba sai an ɗauko daga Legas ba. Jos tana nan kusa, tafiyar kamar awa biyu, cike take da masu busa da masu fiyano da suka taso a coci-coci da makarantu, a Bauchin ma akwai su in an bincika. Abu ɗaya da ba na so a yi wa ƙwauro shi ne na'urar sauti da wuta. In lasifika tana ƙara ko wuta ta ɗauke a tsakiyar busa, daren ya lalace.

Batun alƙawarin manyan baƙi, kada ki sa shi a lissafi ko da naira ɗaya. Duk wanda ya saba zuwa taron ƙaddamar da gidauniya a ƙasar nan ya san yadda ake yi. A miƙa wa babban mai ƙaddamarwa makirfo, ya ambaci adadi mai nauyi, zaure ya ɗauki tafi, sannan ma'aji ta shafe watanni tana zarya a ƙofar ofishinsa. Akwai masu cikawa, Allah ya saka musu, amma ba a ɗora tukunya a kan alƙawari. Ku ajiye na'urar POS a bakin ƙofa da wani teburi a ciki, ku rubuta lambar asusu a kan kowane teburi, wanda ya yi niyya ya tura a wurin, a ba shi rasit. Kada kuma a yarda a yi liƙi. Ban da cewa yana tsinka wa masu busa tunani, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira a wurin biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A ajiye kwando a gaban dandamali, mai so ya saka.

Don kare mutuncinki, Malama, kada kobo ya shiga asusunki na kanki. In kuna son abin ya ɗore, ku yi wa ƙungiyar rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ku karɓi takardar sashen SCUML mai sa ido kan halasta kuɗin haram, da ke ƙarƙashin EFCC, domin banki zai nemi ganin ta kafin ya buɗe muku asusu. A sa mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Kafin rajistar ta kammala, ku nemi wata ƙungiya mai rajista da kuka amince da ita ta riƙe muku, da yarjejeniya a rubuce.

Yanzu ga inda kuka rabu biyu, kuma nan ne na fi so ku saurare ni. Na tabbata ɓangare ɗaya yana son a sayi kayan kiɗa masu ƙyalli a jera a ɗauki hoto. Ni na ce a fara ware kuɗin malamai.

Lokacin da nake koyar da zane, akwai wata makarantar sakandare da na yi aiki a cikinta, wadda wani mai kyakkyawar niyya ya ba kyautar kayan badujala. An yi taro, an yi godiya, aka kai su sito aka kulle. Ba a ɗauki mai koyarwa ba, don babu wanda ya yi tanadin albashinsa. Ranar da aka buɗe siton ina wurin. Maɓallan turampet sun cije saboda rashin mai, ko da ƙarfi ba sa motsi. Fatar babbar ganga ɓera ya huda ta. Akwatin wata jita gara ta cinye gindinsa, ita kanta jitar iskar hunturu ta tsaga mata wuya. Yaran da aka kawo kayan dominsu sun gama makaranta sun tafi, babu wanda ya taɓa sa bakinsa a ƙaho ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ki lissafa da kanki. A ce za ku ba malami naira 10,000 kowace Asabar, Asabar 40 a shekara in an cire hutu da azumi da lokacin jarrabawa, ya kama 400,000. Malamai uku, na kiɗa da na zane da na wasan kwaikwayo, miliyan 1.2 ke nan. Duk ribar da kuke hange, in an sayar da kowace kujera, a nan ta ƙare, ba a sayi ko fensir ba. Shi ya sa na matsa a kan rage kashe-kashen daren. Abin da ya ragu bayan an ware na malamai na shekara guda cur, sai a fara da kaya masu sauƙi da jure wahala: sarewar roba wadda kowane yaro zai iya tafiya da ita gida, kalangu da kotso da ganguna daga hannun masu haɗa su a nan gida, fiyanon lantarki guda ɗaya ko biyu, takarda da fensir da kala da buroshi. Turampet da saksofon su jira sai an ga yaran da suka nace, domin saksofon kullum yana bukatar sabon ɗan siririn goran da ake sa masa a baki, turampet yana bukatar mai, kuma mai gyaransu ba a kowane gari yake ba. Shirin nan na ƙasar Venezuela da ake kira El Sistema, wanda ya koya wa yara dubu ɗaruruwa kiɗa, da matasa 11 José Antonio Abreu ya fara shi a 1975. Ku ma ku fara da yara kaɗan da za ku iya riƙewa da kyau.

A daren kuma a ba yaran minti goma su nuna abin da suka iya, ko da waƙa ɗaya ce. Amma ina roƙonku kada a tsayar da yaro a gaban mutane ana ba da labarin talaucin gidansu ko maraicinsa don a motsa aljihu. A gabatar da shi da abin da hannunsa ya iya. A nemi izinin iyaye a rubuce, a mayar da kowane yaro gida da wuri a hannun babba. A fara bayan sallar isha'i, a tashi kafin dare ya raba, ba giya, a kuma sanar da hukuma tun da wuri. In kuna neman ranar da za ku jingina taron da ita, UNESCO ta ware 30 ga Afrilu a matsayin ranar jaz ta duniya tun 2011, sai dai lokacin zafin bazara ne a nan, dole a yi tanadin fanka da ruwan sanyi.

Bayan mako biyu da taron, ku fitar da lissafi a takarda guda: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage, a aika wa duk wanda ya sayi kati. Ki aiko mini da shi, zan buga a wannan shafi.

TAMBAYA: Malam, ina da yaro ɗan shekara 13. Ba ya barin takarda ko bango, ko'ina zane yake yi, kuma duk abin da ya samu sai ya mai da shi ganga. Ya ji labarin ajin Asabar ɗin nan ya dame ni. Ni tsorona biyu ne. Kiɗa da roƙo ba gadonmu ba ne, ba na so a wayi gari ɗana yana bin gidajen biki. Na biyu, kada abin ya raba shi da boko da Islamiyya. Ga kuma maganar hukuncin kiɗa a addini.
Daga wani uba, unguwar Jahun.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya shirya mana zuriya. Tsoronka na uba ne mai kula, ban kuma raina shi ba.

In fara da na ƙarshe. Hukuncin kiɗa fagen malamai ne, sun kuma daɗe suna magana a kai. Da yawa sun tsananta a kan kayan busa da na tsirkiya, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, an kuma yi rangwame a kan mandiri a lokacin aure da idi. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi. In ka tsaya a kan cewa ban da kiɗa, kana da iko, kuma ya kamata masu ajin su girmama hakan ba tare da sun sa yaron ya ji kunya ba.

Amma kada ka haɗa har da zanen ka rufe. Hannun da ke zane a bangon gidanka tsohon hannu ne a ƙasar Bauchi. A Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai zane-zanen mutanen zamanin da a jikin dutse, haka ma a Shira. A Kafin Madaki akwai gidan Madakin Bauchi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1860, shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ka kai yaron ya shiga ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure bakan gizo da ƙasa da azara, ba ƙarfe ba siminti. Gwamnati ta sa gidan cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da aikin wuyan babbar riga, da ɗinkin hula, da adon sirdi da dukawa ke yi, duk daga ido da hannu irin na ɗanka suke fitowa. Ka zaro takardar naira 20 ka juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, kuma tukunyar ce ta kai ta can.

A yau ma abinci ne. Mai tsara gini, mai zana allon talla, mai tsara kati da littafi a kwamfuta, mai ɗinki, mai haɗa sauti da hoto a fim, kowannensu da wannan baiwa ya fara. Ana karanta zane har digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, ana karanta tsara gine-gine a nan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma duka biyun sai da sakamako mai kyau ake shiga. Wannan ma hujja ce da za ka riƙe yaron da ita a kan karatunsa.

Game da roƙo, gaskiya ne a al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, an kuma ɗaure ta da yabon masu mulki da masu kuɗi. Ajin da ake magana a kai wani abu ne daban: yaro ya zauna ya koyi ƙidayar kiɗa, ya maimaita abu ɗaya har ya gyaru, ya yi shiru ya saurari na kusa da shi, ya jira lokacinsa. Louis Armstrong da na ambata ɗazu, yana ɗan shekara 11 aka kama shi don ya harba bindiga sama a daren shiga sabuwar shekarar 1913, aka kai shi gidan gyaran tarbiyyar yara. A can wani malami mai suna Peter Davis ya miƙa masa ƙaho ya zauna da shi. Yaran da na koyar, na ga waɗanda ba sa iya zama minti biyar a aji, amma in an ba su fensir da farar takarda sai an taɓa su kafin su san an kaɗa ƙararrawa. Irin wannan yaro in an hana shi a gida, ba ya dainawa, sai dai ya nemi inda za a karɓe shi, kuma ba kai za ka zaɓa masa wurin ba.

Shawarata, ka je da kanka ranar Asabar ta farko. Ka ga ɗakin, ka gaisa da malaman, ka tambayi su wane ne, ka tabbatar ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yaro a rufe, kuma lokacin bai ci karo da Islamiyya ba. Ka gindaya wa ɗanka sharaɗi a fili: muddin sakamakon makaranta ya yi ƙasa ko hadda ta tsaya, ajin Asabar ya tsaya har sai an gyara. Sannan ka saya masa littafin zane mai kauri, bangon gidanka zai huta.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne ɗan Gombe, ina karatu a nan Bauchi. Ina son in ji wannan kiɗa da kunnena, ina kuma son in taimaka, amma ba ni da kuɗin kati. Na iya tsara hoto a kwamfuta. Akwai abin da zan iya yi?
Daga wani ɗalibi, Gwallameji.

AMSA: Ɗana, akwai, kuma Allah ya yi maka albarka. Ka ga a kasafin Malama akwai naira 350,000 na ado da kati. Je ka same su ka ce za ka tsara katin da takardar shirin dare da sanarwar da za a yaɗa a WhatsApp da Facebook, kyauta. Ka tattaro abokanka huɗu ko biyar masu natsuwa ku karɓi aikin tarbar baƙi da jera kujeru da ɗaukar hoto. Mai aiki a zaure yana jin kiɗan daga farko har ƙarshe.

Ga 'yan kwamiti kuma, makaɗan dole su gwada kayansu da rana kafin baƙi su iso. Ku buɗe ƙofa a wannan lokacin, tsakanin azahar da la'asar, ɗalibai da yaran unguwa su shiga kyauta, su matsa kusa, su taɓa kayan, su yi tambaya. Ku faɗa wa makaɗan tun lokacin da kuke daidaita farashi cewa wannan awa ɗaya tana cikin aikin.

Kai kuma, in hidimar dare ta wuce, ka ba su Asabar biyu a wata ka koya wa manyan yaran tsara hoto a kwamfuta. Ka gaya wa ma'aji tun yanzu, don ta san da kai lokacin da za a raba jadawalin malamai.